Mun Sauke Karatu, Saura Golmo

An yi taro an watse. An sa mana riguna masu faɗin hannu, an ɗora mana huluna masu tuntu, an kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, 'yan'uwa sun yi guɗa, masu ɗaukar hoto sun sami na cefane. Yanzu ga mu riƙe da takardar shaidar digiri na biyu a fannin fasahar koyarwa, karatun da aka ce mana na shekara biyu ne, amma yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas cur daga cikinsa, sauran dalilai kuma suka ƙara jan shi. Mun gode wa Allah, mun gode wa malamanmu da iyayen da suka sayar da dawa da awaki don mu kai wannan matsayi. Amma kafin rigunan nan su koma ɗakin ajiya, muna da magana da 'yan'uwanmu ɗalibai da ke biye da mu, da kuma yayyenmu da suka riga mu zama a kujerun ma'aikatun gwamnati.

Abin da ya tayar da maganar ƙarami ne. Bayan an gama biki, mu 'yan ƙasar Zuru muka kama hanyar gida, muka biya ta Manga don mu gai da wani kawunmu, tsohon soja, irin dattawan nan da ƙasarmu ta yi suna da su a rundunar Nijeriya. Ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, ya sa mana albarka, sa'an nan ya ce, "To 'ya'yana, wai me kuka karanto ne?" Muka ce, "Kawu, fasahar koyarwa." Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Madalla. Ashe yanzu jikata da ke aji huɗu za ta iya karanta mini takardar fansho, in huta da neman mai karatu a kasuwa." Ba wanda ya amsa a cikinmu. Mun rubuta kundi mai shafi fiye da ɗari kowannenmu, mun kare shi a gaban manyan malamai, amma tambayar tsohon nan ta fi duk tambayoyinsu nauyi, don kuwa mun san yarinyar, mun kuma san ba ta iya ba.

Ra'ayinmu ke nan a taƙaice: duk wanda ya karanci wannan fanni a ƙasar nan, ma'aunin karatunsa shi ne ajin firamare na gari irin Manga. In abin da ya koyo bai iya shiga wannan aji ya zauna ba, to ya koyo wa wasu ne.

Mutane da yawa, har da masu ilmi, in suka ji an ce fasahar koyarwa sai hankalinsu ya tafi ga na'ura: kwamfuta, allon bango mai haske, intanet. Mu ma da wannan zato muka shiga. Darasin farko da aka ba mu shi ne cewa fannin ya girmi lantarki. Tambayarsa ita ce, me ake so yaro ya iya, ta wace hanya zai iya shi cikin sauƙi, da wane kaya, kuma yaya za a tabbatar ya iya. Allon katako da tawadar zuge da alƙalamin gamba fasaha ce, kuma ingantacciya: ba ta da tsada, ana yin ta a gida, in ta lalace kowane masassaƙi zai gyara, yaro yana rubutawa ya wanke ya sake, malami yana ganin kuskurensa nan take. Waɗanda suka shirya yaƙi da jahilci a shekarun 1950 sun gane haka. Hukumar NORLA a Zariya ta buga 'yan littattafai masu araha da Hausa da wasu harsuna, motar majigi tana zagaya ƙauyuka da dare, mutane suna zaune a ƙasa suna kallo a jikin farin ƙyalle. Ba mu ce zamanin nan ba shi da aibu ba, Turawan mulki suna da tasu manufa a ciki. Sai dai sun fara da tambayar wane ne mai koyo, a ina yake zaune, da wane harshe yake tunani.

Tarihin fanninmu kuwa cike yake da kaburburan manyan shirye-shirye, kuma wasunsu a maƙwabta suke. A shekarar 1964 Jamhuriyar Nijar, da taimakon Faransa, ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin. Masana daga ƙasashe da dama sun je Yamai sun gani sun yaba, don shirye-shiryen suna da kyau, yaran kuma suna son zuwa makaranta. Amma shekara da shekaru abin bai wuce aji 22 da yara kimanin 800 ba, kuma da Faransanci ake yi. Kwaddibuwa ta ɗauki abin da girma a 1971, ta gina cibiya a Buwake, ta kai akwatunan talabijin ga yara dubu ɗaruruwa. Kafin 1982 an rufe. Kuɗin batir da gyara sun yi yawa, iyaye suna ƙorafin yaransu ba su iya rubutu ba, malamai kuma suna ganin an mai da su masu kunna akwati da kashewa. A nan gida an kafa Cibiyar Fasahar Koyarwa ta Ƙasa a Kaduna a 1977, shekara guda bayan an ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, aka ɗora mata burin kai darasi kowane lungu ta rediyo da talabijin. Ku tambayi malamin ƙauye na yau ko ya taɓa jin sunanta.

Da kwamfuta ta zo sai aka sake waƙar da sabon kiɗa. A 2005 wani malamin jami'a a Amurka, Nicholas Negroponte, ya yi shelar kwamfutar dala 100 wadda za a ba kowane yaro a ƙasashe matalauta. An gwada ta a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja a 2007, 'yan jarida suka ɗauki hotuna, daga nan labari ya yi sanyi. Ƙasar Peru ta sayi dubu ɗaruruwa ta raba. Da aka bi sawu a makarantu 319 na karkara, rahoton da ya fito a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar sarai, amma karatunsu da lissafinsu ba su fi na waɗanda ba a ba su ba. Jihar Osun ma ta raba wa 'yan sakandare nata allon lantarki a 2013.

Mun karanta duk wannan a aji, mun amsa tambayoyi a kansa a jarrabawa, mun ci. Abin da ya sa ya shiga jikinmu shi ne abin da muka gani da ido. A wata makaranta da muka je binciken kundinmu, wadda ba za mu faɗi sunanta ko garinta ba, hedimasta ya buɗe mana wani ɗaki da makulli biyu. Kwamfutoci ne jere a cikin kwalayensu, ƙura ta rufe su, zanzaro ya yi gini a jikin ɗaya. Ba wuta a makarantar, ba a taɓa jawo ta ba. Muka ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa ba a ko buɗe su ba?" Ya ce shi ya sa hannu ya karɓa, in ɗaya ta lalace ko ta ɓace daga albashinsa za a cire, ba a kuma turo wanda zai koya wa malamai ba. Ba mu ga laifinsa ba. A ajin da ke jikin wannan ɗaki yara suna zaune a ƙasa, allon bangon ya koɗe har alli ba ya kama shi, littafin karatu guda ɗaya ne, yana hannun malama. Kuɗin kwali ɗaya daga cikin waɗancan ya isa a shafe allunan makarantar duka a kuma sa littafi a hannun yara masu yawa.

A nan ne maganarmu ta iso kanku, yayyenmu na ofis. Wani ne ya rubuta takardar neman a sayi waɗancan kwalaye, wani ya duba ya ce ta yi, wani ya sa hannu. Ba mamaki a cikinsu akwai mai irin takardar da muka karɓa makon jiya. Sayen kaya yana da daɗi ga kowa: ɗan kwangila ya samu, mai gida ya yanka ƙyalle a gaban 'yan jarida, ana iya ƙirga abin a rubuta a rahoton ƙarshen shekara. Horar da malami ba ya hoto. Tsoronmu shi ne kada mu ma, nan da shekara biyar, a same mu mun zama dillalan na'ura masu digiri, muna yi wa takardun kwangila ado da kalmomin da muka haddace. Ba ma neman ku ƙi sa hannu a kan kome. Muna roƙo dai kafin ku sa, ku tambaya wa zai kunna, da wace wuta, wa zai gyara in ta tsaya, da wane harshe take magana, kuma me yaro zai iya bayan shekara guda wanda bai iya ba a da. In mai kawo kaya ya kasa amsawa, ku mayar masa da fayil ɗinsa.

Kada a ɗauka muna gaba da kwamfuta. Yaya za mu yi gaba da ita alhali tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta? Yaron Manga da ya yi shekara goma sha biyu yana karatu, in ranar jarrabawa ce ranar da ya fara ɗora yatsa a kan na'ura, an zalunce shi, kome ƙoƙarinsa. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, wadda aka kafa a 2020 a harabar tsohuwar kwalejin aikin gona. Abin kunya ne a ce 'ya'yan manoman da ke kewaye da ita sun kasa shiga saboda ba su san inda ake latsawa ba. Ɗaki guda mai faifan sola, da kwamfuta goma masu aiki, da malami ɗaya wanda aka horar aka kuma ba shi izinin yara su taɓa, ya fi ɗari a kulle. Amma wannan na 'yan sakandare ne. Jikar kawunmu tana aji huɗu, matsalarta ta riga wannan.

Matsalarta harshe ce, kuma a nan muke so mu daɗe. Yarinyar nan da C'lela ta tashi, harshen da Hausawa ke kira Dakarci. Da shi ake yi mata faɗa, da shi ake yi mata tatsuniya, da shi take ƙirga awakin gidansu ba ta kuskure. Hausa ta tsince ta a kasuwa da wajen wasa. Ranar da ta shiga aji ɗaya sai aka tare ta da Turanci, harshe na uku, aka ce ta koyi haruffa da ma'ana a lokaci guda, a bakin malamin da shi kansa Turancin bai zauna masa ba. Sai ta koyi abin da yara masu wayo ke koya a irin wannan hali: ta maimaita bayan malami da ƙarfi, ta kwafi abin da ke allo da kyakkyawan rubutu, ba tare da ta san me ta rubuta ba. Haka ake kaiwa aji huɗu, har aji shida. Kuma masarautar Zuru ba harshe ɗaya ba ce. Akwai Fakkawa, da Dukawa, da Kambari, da Fulani, kowane da yaransa a aji.

Ba sabon ilmi ba ne cewa yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da ya sani. Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada a Ife tun daga 1970, suka koyar da yara shekara shida da Yarabanci, Turanci kuma a matsayin darasi, yaran ba su kasa ba ko a Turancin. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. A jihohin Sakkwato da Bauchi an yi shirin Mu Karanta, aka sa littattafan Hausa a hannun 'yan aji ɗaya zuwa uku. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a yi shekara shida na firamare da harshen uwa, sa'an nan a Nuwamba 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an janye wannan, a koma Turanci tun daga tushe. Mun ji hujjar da aka bayar, cewa yara suna faɗuwa jarrabawa. Mu dai abin da muka gani a azuzuwan da muka shiga shi ne, manufar harshen uwa ba ta taɓa isowa can ba balle a ce ita ta ka da su: ba littafi, ba malamin da aka horar a kai. An yanke wa maganin hukunci tun yana cikin kwalba. Duk da haka ba za mu tsaya jayayya da Abuja ba. Ko da Turanci ne harshen allo, ba dokar da ta hana a bayyana wa yaro darasi da harshen da yake ji, kuma nan ne muke ganin aikinmu yake.

Akwai na'urar da ta riga ta shiga Manga ba tare da kwangila ba, ba a kuma yanka mata ƙyalle ba. Ita ce wayar hannu, da 'yar rediyon nan mai cin memori. Ku tsaya a shagon mai caji a kowace kasuwa ta ƙasar Zuru ku gani: ana tura wa mutane waƙoƙi da finafinai da wa'azi a kan kuɗi kaɗan, ba a bukatar intanet. Mutane sun san yadda ake kunna ta, in ta lalace akwai yaro mai gyara a bakin tasha, in batir ya mutu akwai sola. Duk tambayoyin da muka ce ku yi wa ɗan kwangila, wannan ta amsa su, sai guda: ba darasi a cikinta. Hanyar sa darasin kuwa sananniya ce. Tun 1974 aka gwada koyar da lissafi ta rediyo a Nikaraguwa, muryar tana tambaya, ta yi shiru yara su amsa, ta umarci malamin aji ya rubuta kaza a allo, yara su tashi su ƙirga tsakuwa. Malami yana nan a matsayinsa, muryar abokiyar aikinsa ce. Hukumar ilmin makiyaya da aka kafa a 1989 ta daɗe tana isa ruga ta gidan rediyon Kaduna. Da aka rufe makarantu a Maris 2020 saboda annobar korona, 'ya'yan masu hali a birane suka koma intanet, jihohin Arewa da dama kuwa rediyo suka koma, don ita ce ke akwai.

Wani dalili kuma ya fi korona kusa da mu, ya fi ta ciwo. A Yuni 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. A Nuwamba 2025 suka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, a Danko-Wasagu, cikin masarautarmu, suka kashe mataimakin shugaban makarantar suka tafi da 'yan mata 25. An samu sun dawo, amma kowane uba a ƙasar Zuru ya kwana yana lissafi. Duk lokacin da irin wannan ta faru akan rufe makarantu, wasu iyaye kuma ba sa mayar da 'ya'yansu, musamman mata. Ba mu da bindiga, ba kuma za mu yi ƙaryar cewa darasi a memori zai maye gurbin tsaro ba. Wannan hakki ne a wuyan hukuma. Amma yarinyar da aka tsare a gida wata uku, in akwai murya a tsakar gida da ke bi da ita haruffa da harshenta, ba za ta koma aji da hannu biyu ba.

A al'adar Lelna akwai golmo. Saurayi in yana son aure, shi da tsaransa sukan yi wa gidan surukai noma damina bayan damina, har shekara bakwai, kafin a ba shi mata. Zamani da addini sun rage abin, amma ma'anarsa ba ta ɓace ba: ba a ba ka don ka iya magana, sai an ga kunyar da ka ja. Mu an ba mu tun ba mu yi noman ba. Harajin talakawa ne ya gina jami'ar da muka zauna, dawar Manga da ta Dabai da ta Ribah ce ta biya kuɗin rajista. Saboda haka muke cewa akwai golmo a kanmu.

Ba za mu ɓoye muku ba, ba dukanmu ne za mu koma ba. A cikinmu akwai wanda ya riga ya aika takardar neman aiki Abuja, akwai mai jiran amsa daga wata jami'a a Ingila, akwai mai mata da 'ya'ya uku wanda albashin malamin firamare ba zai riƙe shi ba. Ba mu zarge su ba, gobe ma mai yiwuwa mu ne. Wanda ya tafi digiri na uku, roƙonmu gare shi ɗaya ne, ya ɗauki tambayar kawu ya tafi da ita, kada ya dawo mana da kundi a kan ra'ayin ɗaliban birni game da Facebook, irin wanda an rubuta ya fi a ƙirga.

Mu da muka rage ga abin da muka yi niyya, kuma mun faɗe shi a rubuce ne don ku tuhume mu in mun saɓa. Za mu nemi izinin hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma da na iyayen ƙasa. Za mu zauna da malaman aji ɗaya da na aji biyu, su gaya mana inda yara ke tuntuɓe, don sun fi mu sani. Za mu shirya darussa talatin na fara karatu, kowane kada ya wuce minti ashirin, bayani da C'lela da Hausa, tare da 'yar takarda mai haruffa da hotuna wadda kowane mai injin hoto a Zuru zai iya bugawa. Kafin mu fara za mu gwada yaran ɗaya bayan ɗaya mu rubuta haruffa nawa kowa ya sani, bayan zango guda mu sake gwadawa, mu kawo sakamakon a wannan mujalla ko ya yi daɗi ko bai yi ba. In bai yi ba za mu faɗa, mu sake shiri.

Muna bukatar muryoyi. Muna neman ɗalibai maza da mata masu jin C'lela sosai, irin na gida ba na makaranta ba, da masu Fakkanci da Dukanci don zagaye na biyu, da wanda ya iya zane, da 'yan sashen harsuna da za su duba mana rubutun kada mu koya wa yara kuskure. Ba kuɗi a ciki, sai tuwon dawa da wurin kwana. Za mu fara ɗaukar murya bayan an gama girbi an yi bikin Uhola, lokacin da malamai da iyaye suke da sarari. Mai sha'awa ya bar sunansa da sashensa a ofishin ƙungiyar ɗalibai kafin a tafi hutu.